Darussan da na koya a teburin kasafi: Gusau daban, Ɗansadau daban

Ga waɗanda suka gaji teburin tsare-tsare a bayanmu, abin da ya fi cin mana tuwo a ƙwarya shi ne rabon kuɗi da ƙidayar kawuna kaɗai, ko raba daidai wa daida tsakanin mazaɓu 147 na Zamfara. A takarda adalci ne, kuma manya na son sa domin ba ya jawo ƙorafin 'yan siyasa. Amma nisa yana cin kuɗi, an saka shi a kasafi ko ba a saka ba.

Ƙaramar hukumar Maru tana da faɗin murabba'in kilomita sama da 6,000, wato ta fi jihar Legas ɗungurungum. Ƙidayar 2006 ta ba Maru mutum ƙasa da 300,000, ta ba Legas sama da miliyan 9. Garin Ɗansadau a cikin Maru yake, amma mutuminsa da ke da buƙata a sakatariyar ƙaramar hukumar sai ya bi ta Magami ya yi wajen kilomita 100 zuwa Gusau, sannan ya wuce Maru. Ma'aikacin da aka tura masa ma haka zai yi, da man da aka ƙiyasta wa mai zagayen unguwa.

A rigakafi ne ɓarnar ta fi fitowa fili. Kwalbar allurar ƙyanda ta yara 10 ce, ta BCG, wato rigakafin tarin fuka, kuma 20, kuma da zarar an haɗa su da ruwansu, bayan awa 6 zubarwa ake yi. A asibitin cikin Gusau kwalba kan ƙare kafin hantsi. A ruga kuwa, bayan tafiyar babur ta awanni da akwatin sanyi wanda dole ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8, yara 3 za a tarar, allurar yara 7 ta tafi a banza. Oga da ke zaune cikin sanyin ofis sai ya jera alƙaluman asara na wuraren biyu a shafi ɗaya, ya aika wa na ƙauye takardar tuhuma. Na ƙauyen kuma ya ɗauki darasi: ba zai sake buɗe kwalba ba sai yara sun taru. Uwar da ta tako da goyo tun asuba a ce mata ta dawo wani mako, kuma ba ta dawowa. Alƙaluman asara su yi kyau, oga ya sha yabo, ƙyanda ta ɓarke da bazara, a sake tuhumar wancan ƙaramin ma'aikacin. Wanda ya tsara ma'aunin ba a taɓa tambayarsa komai, kuma galibi shi ke samun ƙarin girma.

Gyaran ba wuya gare shi ba. A ware kuɗin zirga-zirga da kilomita da yanayin hanya, a ba mazaɓu masu warwatsattsun ƙauyuka nasu ma'aunin asara, a kai musu kaya kafin ruwan Agusta ya yanke mashigai, a kuma rubuta kuɗin rakiyar jami'an tsaro a fili maimakon a riƙa yankarsa daga alawus ɗin ma'aikata.

Sauran fannonin ma duk tafiyarsu ɗaya. Albashin malami ɗaya ne, ajinsa na da yara 12 ko 60. Turakun lantarki da kilomita ake sayensu. Ofishin 'yan sanda da ba shi da mota ba ya tsare abin da ya wuce bakin kasuwa.

Kada a dogara da Abuja ta cike giɓin: a rabon kuɗin tarayya tsakanin jihohi yawan jama'a na ɗaukar kashi 30 cikin 100, faɗin ƙasa da yanayinta kashi 10 kacal.

Cunkoso ma da nasa kuɗin, kwata da shara da diyyar fili, sai dai a birni akwai wanda za a karɓi haraji a hannunsa.

Kuma a daina rantsuwa da alƙaluman 2006. Rashin tsaro ya kwashe ƙauyuka ya zuba su a Gusau da Anka da Shinkafi. Kafin a raba magani ko littattafai, a tambayi mai unguwa gida nawa ne har yanzu ake kwana a cikinsu.