Adakar Kakata

Da aka zo rabon kayan ɗakin kakata bayan addu'ar arba'in, babu wanda ya kalli adakar da ke ƙarƙashin gadonta. Hankalin kowa na kan zannuwa da tasoshi. Goggo ce ta jawo ta, ta kaɗe ƙurar da gefen mayafi, ta ce, "Ke mai son kayan da, ga rabonki." Akwati ne na katako, ya yi baƙi saboda hayaƙi da daɗewa, an ɗaure kusurwoyinsa da ƙarfe, an jera wa murfin ƙusoshi masu faɗin kai. Na sa a adaidaita sahu na kai gida.

Da na buɗe, ƙamshin ɗakinta ne ya fara tarbata: kafur, kanumfari, da turaren wutan da ya kama katako. Sai da na zauna na yi kukana kafin na iya taɓa komai. A ciki akwai zanen saƙi biyu, da batta ta fata, da ƙaramin akwatin tagulla wanda take zuba goro, da wasu tsofaffin kwabbai ƙulle a tsumma.

A kan akwatin goron na yi ɓarna. Aikin Bida ne, irin wanda maƙeran Nufawa ke bugawa da guduma da ɗan tsinken ƙarfe har zanen ganye da zobba ya fito a jiki. Na gan shi ya dushe, sai na yi masa abin da na ga ana yi wa tasa tun ina yarinya: lemon tsami da toka. Da na ga baƙin cikin zanen ya ƙi fita, na ƙara da soson ƙarfe. Ya yi ƙyalli kuwa, har da ɗaukar ido. Amma da na ɗaga shi a haske sai na ga zanen ya baje, ba ka gane ganye daga zobe sai ka matso, ga kuma karce ko'ina a murfin. Bayan mako biyu wani kore-kore ya ɓullo a bakin mahaɗin, inda ruwan lemon ya maƙale ban wanke shi da kyau ba.

Na ɗauka na tafi Kasuwar Kurmi, layin masu kayan gargajiya. Wani dattijo ya karɓa, ya juya shi a hannu ya daɗe bai ce komai ba.

"Wa ya yi masa haka?"

"Ni ce, Baba."

"Kayya, 'yata. Baƙin nan da kika kankare, shi ke fito da zane. Shekara da shekaru hannu na shafa shi kafin ya zauna haka."

Bai yi mini faɗa ba, ya ba ni kujera. Ya ce tsohuwar tagulla ba ta son komai sai tsumma mai laushi. In ta yi datti sosai, ruwa da ɗan sabulu da tsohon buroshin haƙori, sannan a tsane ta sarai a shafa kakin zuma kaɗan a goge. Ya ciro mayen ƙarfe daga aljihu ya ɗora a akwatina, bai kama ba. Ya ɗora a wani mai ƙyalli da ke gefensa, ya manne. Tagulla ta gaskiya ba ta kama mayen ƙarfe. Wanda ya kama, baƙin ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Tun ranar ba na zuwa duba tsohon kaya ba tare da shi a jaka ba.

Shi ne kuma ya cece mini battar, domin da niyyar wanke ta na fito. Ya ce irin ta Agadas ce: ɗanyar fata ake lulluɓa wa ƙirar yumɓu tana jiƙe, a yi mata ado da zaren kaki, a rina, in ta bushe a fasa yumɓun a zazzage. Abin da ruwa ya gina, ruwa ne ke rushe shi. Da ta sha wanki da ta saki ta lanƙwashe. Yanzu busasshen buroshi kawai nake bi da shi a jikinta.

Adakar kanta ta fi ba ni aiki. Kullum da safe sai in tarar da gari mai laushi kamar na tuwo a ƙasanta, ga 'yan ƙananan huji a katakon gindi. Ƙwaro ne ke cin ta daga ciki. Kafintan unguwarmu ya ce in kawo ya bi ta da samfefa, ya shafa baƙin mai, ya yi mata fenti ta dawo sabuwa. Da ban ƙone a kan akwatin goro ba, da na miƙa masa. Na ƙi. Abin da na yi shi ne irin dabarar da gidajen adana kayan tarihi ke yi: na naɗe ta a leda mai kauri ninki biyu, na liƙe ko'ina, na roƙi wata maƙwabciyata mai sana'ar ƙanƙara, wadda firizarta ke kan sola, ta ba ni wuri. Sanyin da ya kai wajen digiri 20 ƙasa da sifili yana kashe ƙwaron har ƙwansa in ya daɗe. Mako biyu ta yi a ciki. Da na fitar ban kwance ledar ba sai bayan kwana guda, don raɓar ta tsaya a kan leda kada ta shiga katako. Garin bai sake zuba ba.

A wurin kwashe kayan ne na ga takardar da aka shimfiɗa a ƙasan adakar, na kusa yayyage ta in sa sabuwa. Shafin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ne, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939. Wurin kwanan watan ya cinye, amma akwai talla mai farashi da fam da sule. Naira da kobo sun shigo ne a Janairun 1973, ke nan an buga takardar nan kafin lokacin ko dab da shi. Kwabban kuma masu huji ne a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, ɗaya na ɗauke da sunan Sarki Joji na shida na Ingila, wanda ya yi sarauta daga 1936 zuwa 1952. Waɗannan su ne shaidar da nake da ita, kuma sun fi mini duk wani kintacen mai sayarwa. Na bar takardar a inda take, na shimfiɗa farin ƙyalle a kanta.

Ina jin haushin yadda muke zubar da irin waɗannan kaya mu sayi robobi masu fashewa cikin shekara biyu. Iyayenmu sun san ajiya, sun kuma san jere. Ɗakin mace a da, kayan amfaninta su ne adonsa.

Yanzu adakar na falona, a kan katako biyu don kada ta sha danshin siminti da damina ko gara ta same ta. Na nisanta ta da taga, domin rana da iskar hunturu na tsaga tsohon katako. Zannuwan saƙin na ciki, naɗe a farin ƙyalle, kafur ɗin a ƙulle daban ba ya taɓa su. Battar da akwatin goro na zaune a kan murfin.

Da Ƙaramar Sallah Goggo ta zo. Na zuba farin goro a akwatin na miƙa mata. Ta riƙe shi, ta shafa murfin da babban yatsa, daidai inda karcen yake, wanda ya fara dushewa kaɗan. Ta ce kakana ne ya sayo wa kakata shi a hanyarsa ta dawowa daga fatauci, shekarar da aka haifi mahaifina. Na tashi na ɗauko biro da takarda, na ce, "Goggo, maimaita mini daga farko."