Yau dai ruwan gwajina ya fito rawaya

Alhamdu lillahi, 'yan uwa masu kiwon tarwaɗa, bayan mako shida kwalbar gwajin amoniya, wato dafin da kifi ke fitarwa a ruwa, ta daina yi mini kore, ta koma rawaya, alamar babu dafin. Sau biyu na gwada da safen nan don ban yarda da idona ba.

Akwai duron tace ruwa da na haɗa wa tankin kifina da kayan kasuwar Panteka ta Kaduna, tsakuwa a ƙasa, soso a sama. Na zuba kifi 200 a tankin, cikin kwana goma na kwashe gawa 31. Ga ruwa garau, ga kifi suna rataye a sama, sun ƙi abinci. Kullum ina zuƙe kashin da ya kwanta a gindin tanki, a zatona shi ne dafin.

Yayata da ke koyar da kimiyya ta leƙo daga Kawo, ta tarar ina dirzar soson a bakin famfo. Ta ce, "Kai, me kake wankewa haka?" Ita ta warware mini. Mu hantarmu ke mayar da amoniya ta zama yuriya, ƙoda ta fitar da ita a fitsari. Kaza kuwa farin nan da ke kan kashinta shi ne fitsarinta. Kifi ba ruwansa da wannan wahala, yawancin amoniyarsa tana fita ne kai tsaye ta jajayen kunnuwan da yake numfashi da su. A kogin Kaduna ruwa ya tafi da ita, a tankina kuwa a ciki yake kwana, ido kuma ba ya ganinta.

Abin da ya fi ƙona mini rai, wannan dauɗa mai santsi da nake wankewa ita ce gidan bakteriyar da ke mayar da amoniya sinadarin naitirait, sannan naitireit mai ƙarancin dafi. Kulorin ɗin ruwan famfo yana kashe su. Duk Asabar da hannuna nake mayar da aikina baya!

Na rage abinci zuwa rabi, na koma ɗauraye soso da ruwan tankin kansa, a hankali. Kayan gwajin kaɗai sun ci kuɗin da na ware wa buhun abinci, har yanzu abin na yi mini ciwo.

Saura matsalar wuta. In injin famfon da ke tura ruwa cikin duron ya tsaya dare guda, bakteriyar ta rasa iska, ga zafin Afrilu yana ƙara wa amoniya dafi. Wanda ya gwada ƙaramin famfo mai sola, wat nawa ya ishe shi?