Gwalf a Indiya: masu daukar jakka da sunka zama gwanaye

Na san wasu za su ce mi ya hada dan Maradi da gwalf, mu da ko filin balo mai ciyawa wahala yake mana. To ku yi hankuri, kanena da ke karatu a Bangalore ne ya jawo min wannan jaraba, kullum sai ya turo min sakamako ta WhatsApp yana cewa "Yaya duba wanga yaro, da jakkar mutane yake dauka fa", har na wayi gari ina bin gasar da kaina in kuran bai dauke ba.

Sunan abin PGTI, kungiyar kwararrun 'yan gwalf ta Indiya, an kafa ta a 2006, kuma kamfanin karfe na Tata Steel ya dade yana zuba mata kudi. A 2024 sun dora Kapil Dev a shugabanci, shi kuma ba ma dan gwalf ba ne na asali, kaftin din wasan kurket ne da ya ciwo ma Indiya kofin duniya a 1983, amma can in ya yi tari kowa sai ya juyo.

Yadda shekarar take tahiya shi ne, farkon shekara akwai gasar tacewa, wanda bai da kati, wato izinin buga gasannin shekarar, sai ya bi ta nan. Daga nan a shiga yawo, yau Kolkata, wani sati Delhi, Chandigarh, Ahmedabad, Bangalore, in damanarsu ta kankama a dan tsagaita, sannan a koma har Disamba inda aka saba rufewa a Jamshedpur, garin Tata, filayen Beldih da Golmuri. Gasa mafi yawa kwana 4 ce, rami 18 kowace rana, wanda ya fi karancin bugu shi ya ci. Amma bayan kwana 2 ana yanke mutane, wajen 50 na sama su ci gaba, sauran a kama hanya babu ko dala. Nan ne abin ya kama ni. Babu albashi hwa, kudin jirgi ko kar, otel, abinci, ladan mai daukar maka jakkar sandunan gwalf duk daga aljihunka, kamar dai dan kasuwarmu mai bin kasuwannin kauye, yau Tibiri gobe Dan Issa, in bai yi ciniki ba kudin mota ya ci uwar kudi. A gasar da aka sa rupi miliyan 10, na daya yana tashi da miliyan 1.5, wajen sefa miliyan 10 kenan, kudi ne ba wasa ba, amma mutum daya ne cikin sama da dari, kuma na 45 abin da zai samu da kyar ya maida abin da ya kashe.

Mu nan in an ce gwalf sai mu tuna manyan alhazai da turawa, kuma gaskiya haka ya shiga Indiya, kulob din Royal Calcutta tun 1829 turawan Ingila sunka kafa shi. Sai dai yaran da ke tsintar kwallo da daukar sanduna suna kallo suna koyo a boye. Ali Sher da ya ci Indian Open, babbar gasar gwalf ta Indiya, a 1991 daga daukar jakka ya fito. SSP Chawrasia babanshi ma'aikacin gyaran ciyawa ne a Royal Calcutta din nan, shi kuma ya zo ya ci Indian Open sau biyu a jere, 2016 da 2017. Chikkarangappa ma tsintar kwallo ya fara da ita kusa da Bangalore. Ni wadannan nake goyon baya, ba wai ina kin 'ya'yan masu hali da na hafsoshin soja ba, su ma sun iya wallahi, amma wanda in kwallo ta ki shiga rami gidansu ba za a dora tukunya ba, bugunshi daban yake.

Yanzu kuma an kara ma abin zaki, wanda ya gama shekara a saman jerin masu kudi ana ba shi katin shekara daya na DP World Tour, babbar gasar Turai. Manu Gandas ya samu bayan ya ci gasa 6 a 2022, Om Prakash Chouhan ya biyo a 2023, sai Veer Ahlawat a 2024. Su jaridu ke bi da kamara. Ni kam in Disamba ta zo kasan jerin nake dubawa, wajen lamba 60, don 60 na farko ne ke rike katinsu kai tsaye, na 61 kuwa ko da rupi kadan aka tsere mishi sai ya sake neman kudin rajista ya koma gasar tacewa tare da sabbin yara.