Godiya ga waɗanda suka tsaya mana ranar Asabar

Alhamdulillahi. Sai yau muryata ta ɗan dawo, ƙafafuna kuwa har yanzu a kumbure suke, amma ba zan ƙara kwana ban yi godiya ba kan taron tuna tsofaffin waƙoƙin Hausa da muka yi a Agege. Kun ga yadda aka yi, ba sai na maimaita ba: ruwan da ya kece bayan la'asar, kwatocin Agege da suka cika suka tumbatsa, da janareton haya da ya mutu ana tsakiyar waƙa.

Abin da ba kowa ya gani ba shi zan faɗa. Da sifika ta yi shiru, na zagaya bayan rumfa ina kuka. Iyayenmu ne fa a zaune, wasu daga Idi-Araba, wasu daga Mile 12, har da waɗanda suka baro Ikorodu tun hantsi suka sha cunkoso a hanya, ga zannuwansu sun jiƙe sharkaf. Da wane ido zan dube su in ce a tashi? Sai na ji ana sallama a bayana. Mai shayin bakin layinmu ne, yaron da bai wuce sa'an ƙanena ba. Ya ce, "Anti, ki daina kuka, ga nawa na kawo." Ashe ya kashe ƙwan teburinsa, ya lulluɓe burodi da leda, ya ɗoro ɗan janaretonsa a ka cikin ruwan nan. Duk wanda ya san sana'ar shayi ya san abin da ake nufi da a rufe tebur a daren Asabar. Na miƙa masa kuɗin mai ya ƙi karɓa, wai mahaifiyarsa ma waƙoƙin nan take ji a gida. Ƙanena, Allah ya buɗa maka ta inda ba ka zato, ya ja da ran mahaifiyarka, ya sa ka gina mata gida da guminka.

Kafin ma a gama haɗa waya, Goggo ta sa an kifa ƙwarya a cikin bahon ruwa ta kama kiɗan amada, mata suka ɗauki waƙoƙin marigayiya Barmani Choge ba sifika ba komai. Dattawa suka karɓa da na Shata. Mutumin nan ya rasu tun 1999, amma ba wanda ya yi tuntuɓe a baiti ɗaya. Abin da ya fi taɓa ni shi ne yaranmu haifaffun Legas, waɗanda Yarbanci ya fi zama a bakinsu, su ne suke amshi. Da wuta ta kawo muka shiga waƙoƙin fim na zamanin kaset, har aka kira isha ba wanda ya nemi tafiya.

Na san an ce kada a ware kowa, ku yi mini afuwa. Goggo, Allah ya ƙara miki lafiya. Iya mai gidanmu, wadda ba ta jin Hausa amma ta buɗe shagonta tsofaffi suka fake, Allah ya saka miki da alheri. Samarin da suka kwashe kujeru cikin taɓo, da masu keke da suka kai iyayenmu har gadar Pen Cinema suka sa su a mota, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku. Waɗanda muka tuna a waƙa sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya kyautata namu zuwan.

'Yan'uwana na jini da ke nan Ikeja, na yi ta duban hanya. Wataƙila ruwa ne ya hana, Allah ya bar zumunci.

Akwai mayafi ruwan toka da tabarau na karatu a wurina, mai su ta aiko a karɓa.