Asabar, bayan mun dawo daga Dessau

Tun asuba ake yayyafi. Mun sauka daga jirgin ƙasa wajen sha ɗaya, Yaya Sadiya na ta mitar sanyi, ni kuwa Allah-Allah nake in ga ginin Bauhaus, tsohuwar makarantar zane da ƙere-ƙere ta Jamus, mai bangon gilashin nan.

Na ga ginin, ya kuma burge ni. Amma hoto ɗaya ne ya biyo ni gida har ya hana ni barci. Marianne Brandt ce, wadda ke riƙe da sashen ƙirar ƙarfe na makarantar a lokacin, ta ɗauki hoton kanta sanye da adon da ta yi wa Bikin Ƙarfe na 9 ga Fabrairu 1929. Ƙarfe a wuya, ƙarfe a ka. A daren nan an lulluɓe bango da abubuwa masu ƙyalli, an rataye ƙwallaye masu sheƙi a sama, mutane suka zo da cokula da kwanon suya a jikinsu.

Na nuna wa Yaya. Ta taɓe baki.

"Yanzu ke, iyaye su turo yaro koyon sana'a, ya ɓige da rataya cokali a wuya? Wannan ai tashe ne na manya."

Na ce, "Yaya, ai shi ne karatun. Ƙa'ida ake ba su, kowa ya je ya haɗa nasa da hannunsa."

Na ba ta labarin Farin Biki na 1926, inda aka ce kaya su zama yawancinsu fari, ragowar ɗigo-ɗigo ko ratsi-ratsi ko gida-gida. Wanda ya kwana uku yana fama da kwali da waya don su zauna a jikin mai rawa, ya san halin kwali da waya fiye da wanda aka karanta wa a allo. Oskar Schlemmer, malaminsu na dandali, da gaske ya ɗauki abin. Tun suna garin Weimar, inda Walter Gropius ya kafa makarantar a 1919, suke bikin fitilu.

Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ta wuce neman shayi.

Raina ya sosu, har yanzu bai huce ba. Ba don ta ƙi yarda da ni ba. Ni dai ina kallon fuskokin 'yan bikin ne a hotuna ina lissafi. Daga daren ƙarfe zuwa ranar da 'yan Nazi suka sa majalisar gari ta rufe makarantar a 1932, shekara uku ce da 'yan watanni. Suka koma wata tsohuwar masana'anta a Berlin, 1933 aka gama da su. Schlemmer da ya sa ɗalibai rawa cikin ƙyalli, an hana shi koyarwa, ya ƙare yana aiki a kamfanin fenti a Wuppertal, ya rasu a 1943. Ga su nan suna dariya a hoto, ba wanda ya san abin da ke tafe. Wannan nake so Yaya ta gani, bakina ya kasa faɗa.

A jirgi ba mu yi magana sosai ba. Ta miƙo min rabin burodinta, na karɓa.

Safa a jiƙe. Ban kira Umma ba, sai gobe in Allah ya kai mu.