Na'urar Ta Ji Kakata da Kunnen Hausa

Mu Zulawa ne, daga gindin dutsen Zaranda a jihar Bauchi, amma ni da Hausa na buɗe baki. Yarenmu gaisuwa kawai na iya. Abin da ya tsorata ni shi ne labarin Ajawa, a nan Bauchi: tsakanin 1920 da 1940 yarensu ya mutu, ba yaƙi ba annoba, mutanen ne suka koma Hausa.

Da rani na tafi gida da waya, na zauna gaban kakata. Ta ce, "Maigida, yau kuma murya ka zo ɗauka?" Na ce, "Ita fa, Kaka." Kwana tara tana ba ni tatsuniyoyi da waƙoƙin niƙa da sunayen itatuwa.

Na zuba muryar a wata manhajar ƙirƙirarriyar basira mai mayar da magana rubutu. Abin da ta fito da shi ya sanyaya mini jiki. Duk inda Kaka ta faɗi kalmar da ta yi kama da Hausa, sai ta rubuta Hausar, ta ƙaga jimla santala wadda tsohuwar ba ta taɓa faɗa ba. Akwai wani sauti da muke furtawa ta gefen harshe, babu shi a Hausa. Wani lokaci ta mai da shi "sh", wani lokaci "l". Hawa da saukar murya kuwa, wanda ke raba ma'anar kalmomi, ko alama.

Daga baya na fahimci dalili. Na'ura abin da aka ciyar da ita take amayarwa. Ko Meta, mai Facebook, da ta fitar da tsarin da ke mayar da magana rubutu a harsuna sama da 1,100 a 2023, da karatun Sabon Alkawari da mutane suka naɗa ta horar da shi. Sai wani ya fara zama ya yi magana, wani ya rubuta.

Sai na sauya wa manhajar aiki. Ta yayyanka mini sautin jimla-jimla, ta rubuta fassarar Hausa da kawuna ya yi da baki, nan kam ta rage mini wahalar makonni. Yaren kansa mu muka rubuta da hannu a ELAN, wata manhajar rubuta maganar da aka naɗa, muna maimaita wa Kaka tana gyarawa.

Kuskurena ɗaya har yanzu yana damuna: ranar farko a tsakar gida na naɗa, kukan awaki da ƙarar injin niƙa suka cinye waƙar da ta fi tsawo. Da na roƙe ta ta sake, ta ce baitin ƙarshe ya ɓace mata.