Kwana shida da na ɓata wa Baba

An sallami Baba daga asibiti da robar fitsari a jikinsa, bayan aikin da aka yi masa kan riƙewar fitsari. Kwana huɗu da komawarmu gida zazzaɓi ya rufe shi, ga rawar sanyi, fitsarin cikin jakar ya yi kauri kamar ruwan tsamiya, ga wari. Maimakon in mayar da shi, sai na nufi kyamis na sayo allurar ceftriaxone mai kashe ƙwayoyin cuta, don na ga ita ake yi masa a asibiti. Wani maƙwabci ya riƙa zuwa yana yi masa. Kullum Baba sai ya ce, "Kai, anya allurar nan tana yi kuwa?" Ni kuma in ce, "Baba, a yi haƙuri, sauƙi sai a hankali." Haka muka cinye kwana shida.

Sai da ya fara sambatu muka kwashe shi. Likita ya kalli kwalaben da na zo da su a leda, ya ce, "Malam, wa ya rubuta maka wannan?" Na rasa bakin magana.

Aka ɗebi fitsari da jini, aka ce sai ƙwayar cutar ta tsiro a ɗakin gwaji kafin a san abin da ke kashe ta. Kwana uku muna jira, suna ta lallaɓa shi da ƙarin ruwa da wasu allurai. Da takardar ta fito, Klebsiella ce. Gaban sunan kowane magani an rubuta R, wato ba ya yi mata komai, har da wanda na kashe kuɗina a kai. S, wato maganin da ke kashe ta, biyu kacal na gani, amikacin da meropenem, kuma na farkon aka ce ƙodarsa ba za ta ɗauka ba. Likitan ya ce irin wannan ƙwayar a asibiti aka fi kwaso ta, tana manne wa roba, kuma tana fitar da wani sinadari da ke tarwatsa ceftriaxone. Ashe duk kwanakin nan ina zuba magani, ita tana haurawa ƙoda har ta shiga jini.

Aka sa masa meropenem duk awa 12 saboda ƙodar. Ragon layyarmu da kuɗin hayar shagona duk a nan suka tafi. Ba kuɗin ke damuna ba. Da ranar farko na kai fitsarin nan gwaji, aka canza robar, da wataƙila bai kai ga sambatu ba.

Daga baya na karanta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ƙwayoyi masu bijire wa magani suka kashe a duniya, kuma a Afirka ta Yamma abin ya fi muni. Saura ƙiris Baba ya shiga irin wannan lissafi, ta hannuna.

Alhamdulillahi, yanzu da ƙafarsa yake zuwa masallaci. Shekaranjiya wani aboki ya kira ni, wai in faɗa masa sunan "allurar nan mai ƙarfi" ya saya wa mahaifiyarsa. Na hana shi. Na ɗauko babur, muka kai ta a ɗebi fitsari.